Farfaɗo da tsohuwar kwamfuta mai RAM gigabait ɗaya: kundin aiki

Asabar, 18 ga Oktoba 2025

Yau na zaro ta daga ƙasan akwati inda ta yi shekaru a kwance. Ƙaramar kwamfutar tafi-da-gidanka ce, irin waɗanda aka yi yayinsu a wajajen 2010: allo inci goma mai faɗin 1024 da tsayin 600, furosesa Intel Atom N450 mai ƙwaya ɗaya da gudun gigahaz 1.66, RAM (ma'ajiyar wucin gadi da manhajoji ke aiki a cikinta) gigabait 1, faifan ajiya mai juyawa, sai Windows 7 Starter da ta zo da shi. Ƙanwata ce ta tayar da zancen. Tana da rubutun kammala karatu a gabanta, kuma ta gaji da buga shi a waya da manyan yatsu biyu. Na ce ta ba ni wata guda.

Abin da nake nema ba yawa: ta iya buɗe manhajar rubutu, da fayil ɗin PDF ɗaya, da shafukan intanet uku ko huɗu, duk a lokaci guda, ba tare da kwamfutar ta sandare ba.

Na jona caja na danna maɓalli, ta tashi. Na sa agogon waya: minti uku da 'yan kai kafin kibiyar linzami ta fara jin magana. A duk tsawon lokacin, 'yar fitilar faifai da ke gefen gaba ba ta ƙifta ko sau ɗaya ba, a kunne take ɗam. Fanka kuwa sai gurnani.

Zancen Windows ya ƙare tun kafin a fara. An daina yi wa Windows 7 gyaran tsaro tun 14 ga Janairu 2020, na Windows 10 ya ƙare ranar Talatar da ta wuce, Windows 11 kuma yana neman RAM gigabait 4 da na'urar tsaro ta TPM 2.0, abin da wannan baiwar Allah ba ta taɓa jin labarinsa ba. Saura Linux ke nan, tsarin sarrafa kwamfuta da ake sa wa a madadin Windows.

Na kafa wa kaina doka ɗaya: ba zan canja abu biyu a tare ba, kuma duk abin da na taɓa sai na auna kafin da bayan. Na ware littafi saboda haka.

Lahadi, 19 ga Oktoba

Kafin manhaja, ƙarfe tukuna. Na kwance murfin ƙasa. Ƙurar da ta toshe mafitar iska ta dunƙule ta zama kamar tsumma, da tsinke na zaro ta guda ɗaya. Man da ake shafawa tsakanin furosesa da ƙarfen sanyaya ya bushe ya farfashe, na goge na sa sabo. Wannan Atom ɗin wat 5.5 kacal yake ci, don haka ban sa rai gudu zai ƙaru ba, kuma bai ƙaru ba. Sai dai fankar ta yi shiru, kunnena ya huta.

Na tashe ta daga filasha na bar manhajar gwaji memtest86+ tana zagaya RAM har dare, babu kuskure. Faifan ma smartctl, mai duba lafiyar faifai, ya ce lafiyarsa ƙalau. Wato ba ciwo yake yi ba, haka halittarsa take.

Laraba, 22 ga Oktoba

Na kwana biyu ina jan ƙafa a kan zaɓi ɗaya: bit 32 ko bit 64. N450 na iya ɗaukar duka biyun. A tsarin 64, kowane adireshi da manhaja ke riƙewa a cikin RAM bait 8 ne a maimakon 4, saboda haka manhaja iri ɗaya takan fi cin wuri. Ga mai gigabait ɗaya wannan ba abin wasa ba ne. Amma duniya ta juya wa 32 baya. Debian 13, wani nau'in Linux wanda ya fito ranar 9 ga Agusta, ba shi da manhajar girkawa ko kanel (zuciyar tsarin) na 32. Mozilla ma ta sanar cewa Firefox 144 ne na ƙarshe da za ta fitar wa Linux mai bit 32. Ba zan miƙa wa yarinya kwamfutar da burawuzarta za ta tsufa a hannunta kafin ta gama rubutu ba. Na ɗauki Debian 13 na 64, na haƙura da asarar.

Wajen girkawa na cire alama daga dukkan fuskokin aiki, na bar ƙashin tsarin kawai. Daga baya na ɗora fuskar aiki ta Xfce, na sake kunnawa, na buga umarnin free -m mai nuna yadda ake cin RAM: wajen megabait 430 a cike tun ban buɗe komai ba. Na cire ta na sa IceWM mara nauyi, ina amfani da --no-install-recommends don kada apt, mai girka manhajoji, ya jawo min 'yan rakiya. Ya sauko kusan 210. Na rubuta lambar a littafi na ja mata layi biyu, ina ta jin kaina.

Sai na buɗe Firefox, na shiga shafin labarai guda ɗaya. Abin da na yi yini ina tsimi ya tafi kafin hotunan su gama saukowa. A shafi na uku fitilar faifai ta kama ɗam, linzami ya daskare.

Asabar, 25 ga Oktoba

Yau ban canja komai ba, kallo kawai na yi, kuma ita ce ranar da ta fi amfani tun da na fara.

Na buɗe taminal, tagar da ake buga umarni, a gefe na bar vmstat 1 yana zubo layi kowace daƙiƙa, sannan na dinga buɗe shafuka ɗaya bayan ɗaya. Ginshiƙai uku na zuba wa ido: si, so da wa. Na farko da na biyu suna nuna abin da ke shige da fice tsakanin RAM da suwaf, wato wurin da aka ware a faifai domin juye abin da RAM ta kasa riƙewa. Na uku yana nuna kason lokacin da furosesa ke zaune hannu rabbana yana jiran faifai. A shafi na farko da na biyu duk sifili ne. A na uku so ya fara motsi, kwamfutar na aiki abinta. Da na koma shafin farko sai si ya tashi shi ma, su biyun suka kama gudu tare, wa ya haura sama da 70. A daidai wannan daƙiƙar linzami ya tsaya.

Ashe furosesan da nake ta zagi ba shi ne mai laifin sandarewar ba. Zaman jira yake yi.

Lissafin ba wuya. Faifan yana juyi 5400 a minti, wato 90 a daƙiƙa, kowane zagaye kimanin milisakan 11. Kafin wurin da ake nema ya zo ƙarƙashin allura, a matsakaici rabin zagaye ne, milisakan 5.6, ban da lokacin da allurar kanta ke ɗauka ta matsa. Idan abin da ake nema a warwatse yake, da ƙyar ya kai karatu 100 a daƙiƙa. Linux kuma yana sarrafa RAM ne gutsure-gutsure, kowane gutsure kilobait 4. Ko da yana ɗebo su takwas-takwas, dawo da megabait 100 na shafin da aka juye zai ci daƙiƙoƙi masu yawa, kuma don a sama musu wuri dole a juye wasu, waɗanda su ma nan da nan za a sake nemansu. Kai-komon ke nan da ba ya ƙarewa.

Wani abu kuma da na gyara a kaina. Na daɗe ina kallon ginshiƙin free a sakamakon free -m, idan na ga ya yi ƙasa gabana ya faɗi. Kuskure ne. Linux da gangan yake cika RAM ɗin da ba a amfani da ita da fayilolin da aka karanta kwanan nan, don kada a koma faifai, kuma yana sakinsu da zarar an buƙaci wurin. Ginshiƙin available ne ke faɗin gaskiyar abin da ya rage. Masu ba da shawarar a riƙa share wannan ajiya kowace awa don RAM ta “numfasa” suna ƙara wa faifai aiki ne kawai.

Asabar, 1 ga Nuwamba

RAM. Ina da wata a durowa da na cire daga wata kwamfutar, na ɗauko da ƙarfin gwiwa. Ta ƙi shiga. Na juya ta, ta ƙi. Allah Ya sa ban danna da ƙarfi ba: DDR3 ce mai ƙafa 204, ramin kuwa na DDR2 ne mai ƙafa 200, tsagar da ke tsakiyarsu ba wuri ɗaya take ba. N450 DDR2 kaɗai ya sani, kuma iyakarsa gigabait 2. Ramin ɗaya ne tak, don haka cire tsohuwa za a yi, ba ƙari ba. Da yamma na samo ta daidai, DDR2 mai gigabait 2. free ya nuna kimanin megabait 1,950, saboda sashen hoto na GMA 3150 ba shi da tasa RAM, a nan yake yagar rabonsa.

Shafuka biyar yanzu kafin fitilar ta kama. Babu wani saiti da na yi a makonni biyu da ya kai rabin wannan.

Lahadi, 2 ga Nuwamba

SSD, wato ma'ajiyar da ba ta da faifai mai juyawa ko allura. Na bar shi sai yau saboda dokar abu ɗaya-ɗaya, ko da yake hannuna na ta ƙaiƙayi tun jiya. Mahaɗar wannan kwamfutar SATA ce ta ƙarni na biyu, ba za ta wuce megabait 300 a daƙiƙa ba ko a takarda, SSD ɗin kuwa ya fi ƙarfin haka. Ban damu ba. Ba gudun dogon zango nake nema ba, allurar nan nake so a rabu da ita. Daga danna maɓalli zuwa fuskar aiki yanzu daƙiƙa 38, a tsohon faifan da Debian ɗin nan ɗaya minti ɗaya da rabi ne. Na duba fstrim.timer, mai sanar da SSD wuraren da aka goge lokaci-lokaci, a kunne yake.

Alhamis, 6 ga Nuwamba

Zram. Dabarar ita ce a yanki wani ɓangare na RAM a mai da shi suwaf, amma duk abin da za a juye a ciki sai an matse shi tukuna. Abin da ke cikin RAM na burawuza yana matsuwa sosai, don haka gigabait ɗaya na kaya zai iya zama a wurin da bai kai rabinsa ba. Ya shiga kanel sosai tun Linux 3.14 a 2014, Fedora ma ta mai da shi na asali tun fitowa ta 33. A Debian zram-tools ake girkawa, a gyara /etc/default/zramswap.

Kuɗin da ake biya shi ne ƙarfin furosesa, ni kuma nawa talaka ne. Cikin hanyoyin matsewa, na fara da zstd domin ya fi matsewa. zramctl ya nuna kaya sun koma kusan kashi ɗaya cikin huɗu, na yi murna, amma duk sanda na sauya shafi sai na ji ɗan tsaiko, kamar mai tafiya da tsakuwa a takalmi. Na koma lz4. Matsewar ta ragu zuwa wajen ɗaya cikin uku ko ƙasa da haka, tsaikon ya ɓace. A kwamfuta mai ƙwaya huɗu zstd zan zaɓa ba tare da tunani ba. A nan lz4 ne.

Na ba shi kashi 60 na RAM, da fifiko sama da suwaf ɗin SSD, wanda na bari a matsayin ko-ta-kwana. swapon --show ya tabbatar da jerin. Sai saiti biyu. vm.swappiness, mai nuna yadda kanel ke saurin juye kaya a suwaf, yana zuwa ne a 60, kuma shawarar da ta cika ko'ina ita ce a sauke shi zuwa 10. Wannan shawarar zamanin faifai mai juyawa ce. Idan suwaf ɗinka a cikin RAM yake, juye kaya can ya fi arha a kan zubar da fayilolin da za a sake karantowa, shi ya sa tun Linux 5.8 aka ba da damar ɗaga shi har 200. Na sa 150. Na biyu vm.page-cluster: a 3 yake, ma'ana a ɗebo gutsure takwas a tafiya ɗaya don rage wa allura zirga-zirga. Babu allura yanzu, na mai da shi 0.

Shafuka bakwai, da manhajar rubutu ta LibreOffice Writer, da PDF. Tana nishi, amma ba ta faɗi ba.

Lahadi, 9 ga Nuwamba

Garin neman gira na kusa rasa ido. Na buga systemd-analyze blame, ya jero ayyukan da ke tashi da kwamfuta da lokacin kowanne, sai na shiga kashewa kamar mai sara a daji. Na buga firinta, na bulutut, na modem, duk waɗannan daidai ne, ba ta da abin da za ta yi da su. Amma na haɗa da wpa_supplicant, ban tsaya na karanta aikinsa ba. Na sake kunnawa, babu wayfay. Na ɗauka katin wayfay ne ya mutu sanda na buɗe ta, har na ɗauko sukuddireba. Minti arba'in kafin na tuna in duba littafi, inda ban rubuta komai ba, domin yau na karya dokata na kashe abu shida a zama ɗaya. Na dawo da su ɗaya-ɗaya har na gano shi.

Ribar duk wannan wahala: megabait 20 da 'yan kai, da daƙiƙa biyu wajen tashi.

Na kuma gwada shawarar nan ta ƙara mitigations=off a layin kanel, wai tana cire kariya daga raunin tsaron furosesa na Spectre da Meltdown da aka sa tun 2018 don gudu ya dawo. Kafin in yi, na duba ƙasan sakamakon lscpu: duk ya ce wannan furosesan abin bai shafe shi ba. Atom na wancan zamanin yana bin umarni ne a jere, ba ya yin hasashen gaba irin wanda ya jawo matsalar. Babu kariyar da za a cire. Rashin wayonsa ne ya tsare shi.

Asabar, 15 ga Nuwamba

Kwana uku ina fama da wani abu da ya ɗaure min kai. Wani lokaci available sai ya faɗi da megabait ɗari shida, na rufe duk manhajoji, bai dawo ba. htop, mai jero abin da kowace manhaja ke ci, bai nuna kowa riƙe da shi ba. Sake kunnawa kaɗai ke warkar da shi.

Yau df -h, mai nuna cikar wuraren ajiya, ya tona asiri. A Debian 13, /tmp, wurin ajiye fayilolin wucin gadi, ba a faifai yake ba, a cikin RAM yake, kuma an yarje masa ya ci har rabinta. Ni kuma na saba tun da can in warware manyan fayiloli a /tmp in manta da su. Tarin takardun PDF da ƙanwata ta turo min, da na warware a can ranar Laraba, su ne zaune a RAM suna cin wuri. A kwamfuta mai gigabait 16 wannan tsari alheri ne. A nan, systemctl mask tmp.mount, na sake kunnawa, /tmp ya koma SSD.

Na kuma girka earlyoom. Kanel yana da nasa mai yanke hukunci idan RAM ta ƙare, amma yakan yi haƙuri har sai kwamfutar ta daɗe a sandare. Shi earlyoom, da zarar RAM da suwaf duka sun sauka ƙasa da kashi 10, sai ya kashe wanda ya fi ci. Na gaya masa ya kauce wa LibreOffice ya fara da burawuza. Shafin intanet ana sake buɗe shi. Babi na uku da ba a adana ba kuwa, ni za a kira.

Lahadi, 16 ga Nuwamba

Firefox, babban maciyin. about:processes yana nuna abin da kowane shafi ke ci. Shafin labaran nan da ya kayar da ni ranar farko, fiye da rabin nauyinsa tallace-tallace ne da manhajojin bibiya daga wasu wurare daban. Da na sa uBlock Origin, ƙarin da ke toshe su, ya sauko daga wajen megabait 300 zuwa ƙasa da 120. Wannan ƙari guda ɗaya ya fi sauya Xfce da IceWM amfani, abin da na yi yini a kansa.

A about:config, shafin saitin Firefox, na sauke dom.ipc.processCount.webIsolated, yawan ɗakunan aiki da gidan yanar gizo ɗaya zai iya samu, daga 4 zuwa 1. Akwai masu cewa a kashe Fission gaba ɗaya, wato tsarin da ke keɓe kowane gidan yanar gizo a nasa ɗaki. Zai rage cin RAM, gaskiya ne, amma katanga ce tsakanin shafin imel ɗinta da duk wani shafin da ta faɗa ciki bisa kuskure. Na bar ta. Na sa ƙaramar burawuzar nan Dillo a gefe don karatu zalla. Ba ya gudanar da JavaScript, shafin da ya yarda ya buɗu a cikinsa kafin ƙiftawar ido yake buɗuwa, wanda bai yarda ba kuma sai tarkace.

Bidiyo ne inda na kai bango. GMA 3150 ba ya taya furosesa warware bidiyo mai tsarin H.264, balle VP9 da AV1 da YouTube ya fi turowa yanzu. A cikin burawuza ko bidiyo mai ƙaramin inganci na 360 hoto-hoto yake tafiya, vmstat kuma ya nuna wa a sifili, furosesa a cike maƙil. Wannan karon laifinsa ne da gaske, kuma babu zram ɗin da zai yi magani. Mafita ɗaya na samu: mpv mai kunna bidiyo tare da yt-dlp mai ɗebo shi daga YouTube, na umarce shi ya zaɓi H.264 da bai wuce 480 ba. Haka yana tafiya sumul, fanka na kuka. Na yi mata ɗan maɓalli: ta kwafi adireshin bidiyo, ta danna, ya buɗe a mpv.

Juma'a, 21 ga Nuwamba

Na gwada AbiWord a madadin LibreOffice Writer saboda sauƙinsa, amma ya birkita teburori da lambobin shafi a fayil ɗin docx da malaminta ya turo. Writer ya zauna. Yana ɗaukar daƙiƙa 14 kafin ya buɗe, bayan nan ba ya damun kowa. Na sa ya riƙa adana bayanan ceto kowane minti uku.

Ta zo karɓa da yamma. Na zaunar da ita na ce ta yi abin da za ta yi a gida, ni kuma na koma gefe ina kallon vmstat ta wata kwamfutar. Ta buɗe babinta, da PDF biyu, da shafuka huɗu. so ya ɗan motsa, wa bai wuce 2 ba. Fitilar gefe tana ƙiftawa jefi-jefi.

Sai ta shiga saitin sakin layi a Writer, ta tsaya tana lalube. “Yaya, ina maɓallin amincewa? Ban gan shi ba.” Akwatin ya fi allon tsawo, ƙasansa ya nutse, tsayin 600 bai ishe shi ba. Wata guda ina ƙirga megabait, ban taɓa buɗe wannan akwatin ba. Na nuna mata ta danne Alt ta ja akwatin sama da linzami. Ta gwada sau biyu, ya zauna mata.

Batirin minti 25 yake riƙewa, dole ta zauna kusa da soket kafin in samo wani. Na rubuta shi a sabon shafi a littafin, tare da ɓoye sandar ƙasa ta IceWM don allon ya ƙara tsawo, da gwada zswap, wata dabarar matsewa, a madadin zram idan ta kawo min ita hutun ƙarshen zango.